Labarin Ajayi Crowther, Bawan Da Ya Zama Malamin Nasara

Wannan labarin wani mutumin ƙasar Yarabawa ne wanda aka taɓa musaya da doki, daga baya sarakuna suka riƙa aika masa wasiƙa. Sunansa na yanka Ajayi, mutumin garin Oshogun. A shekara ta 1821, yana yaro, mahara suka ci garinsu, suka kama shi. Aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har wani ya ba da shi a kan taba da barasa, ya faɗa hannun fataken bayi na Fotugal. A 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, suka sauke bayin a Saliyo, suka 'yanta su.

A can ya shiga addinin Nasara cikin 1825, aka raɗa masa suna Samuel Crowther. Da aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, yana cikin almajiranta na fari, daga bisani ya zama mai karantarwa a cikinta. Bai tsaya ga Turanci ba, sai ya duƙufa ga Yunananci, domin da shi aka rubuta littafin da Nasara ke kira Linjila. Malamai sun san dalilin wannan: wanda bai san lugga da nahawun asali ba, iyakarsa abin da mai fassara ya miƙo masa.

A 1841 ya bi ayarin Turawa da suka hau kogin Kwara, tare da wani Bajamushe mai suna Schön, wanda ya tattara kalmomin Hausa ya buga su. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa. Shugabannin mishan suka gane aikin sai da 'yan ƙasa. Aka kai Crowther Landan ya ƙara karatun aƙidar addininsu, aka naɗa shi limamin coci a 1843. Ya sauka Abekuta a 1846, nan ya gamu da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25. Ya shugabanci fassarar littafinsu zuwa Yarabanci, ya kuma rubuta nahawun Nufanci. A 1864 aka naɗa shi bishof, shi ne baƙar fata na farko da cocin Ingila ya ba wannan muƙami.

Zamansa da Musulmi zama ne na mutunci. Yakan je Bida ya gaida Etsu Masaba, kowa na riƙe da addininsa. Yakan hori almajiransa su bar zagi in ana muhawara, su kawo hujja daga littafi. Da barasar Turawa ta fara ɓata ƙasar Nufe, Etsu Maliki ya sa aka rubuta wasiƙa da Hausa domin ta kai gare shi, yana neman ya isar wa Sarauniyar Ingila kuka, a hana shigo da ita. Sarki Musulmi bai sami amintaccen da zai ɗora wa wannan saƙo ba sai mutumin da aka taɓa sayarwa da barasar nan.

Ƙarshensa ya zo da baƙin ciki. Wajen 1890 waɗansu samarin Turawan mishan suka tuhumi mataimakansa 'yan ƙasa, suka kori da dama, suka raina tsufansa da saninsa. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya mutu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. Muƙaminsa kuwa Bature aka ba.

Ilmi ya fid da shi daga ƙangin bauta, riƙon amana ya sa wanda ba addininsu ɗaya ba ya yarda da shi. Almajiri da falke duka suna da abin lura a nan.