Sir Percy Girouard, Gwamnan da ya shata hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano

A cikin Turawan da suka mulki Arewacin Nijeriya, sunan Lugard ne ya zauna a bakin jama'a. Wanda ya gaje shi kuwa, Sir Percy Girouard, ba kasafai ake ambatonsa ba, alhali a shekaru biyu da 'yan watanni da ya yi a Zungeru ya bar abubuwa biyu da har yau 'yan kasuwa da ma'aikata ke cin karo da su: layin dogon da ya isa Kano, da tushen dokar da ta sa filaye a hannun gwamna.

An haife shi a birnin Montreal na ƙasar Kanada ranar 26 ga Janairu, 1867. Mahaifinsa, Désiré Girouard, lauya ne daga cikin 'yan Kanada masu magana da Faransanci, wanda daga baya ya zama alƙali a Kotun Ƙolin ƙasar. Percy ya kammala kwalejin soja ta Kingston a 1886, ya yi shekara biyu yana aiki da kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific, sannan a 1888 ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya. Daga 1890 zuwa 1895 shi ke kula da zirga-zirgar ƙananan jiragen da ke jigila a cikin masana'antar makamai ta Woolwich a Landan. Aiki ne da ba ya fito da sunan mutum, amma a nan ya laƙanci abin da yawancin hafsoshin zamaninsa suka raina, wato lissafin taragu da gawayi da ruwa da lokaci.

Wannan ilimi ne ya kai shi Sudan a 1896, lokacin da Janar Kitchener ya ɗaura ɗamarar rushe daular Mahadi. Kogin Nilu yana yin wani dogon lanƙwaso tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad, ga duwatsu a cikin ruwa masu hana jirage wucewa. Kitchener ya yanke shawarar a ratsa hamada kai tsaye da layin dogo mai tsawon kimanin mil 230, shawarar da ƙwararru da dama suka ce ganganci ce. Girouard yana da ƙaramin muƙami a soja, bai cika shekara talatin ba, aka ɗora masa aikin. An fara ranar 1 ga Janairu, 1897, alhali garin Abu Hamad da ake nufa yana hannun mayaƙan Halifa Abdullahi. Sai a watan Agusta aka ƙwace shi. A hanyar babu gari, babu rijiya. Duk ruwan da ma'aikata da kan jirgi za su sha, jirgin ne ke ɗauko shi daga baya, har aka yi sa'a aka haƙa aka tarar da ruwa a wurare biyu. Da yake babu ƙauyen da za a ara sunansa, lamba aka sa wa tashoshin, kuma har yanzu da lambar ake kiran su. Layin ya isa Abu Hamad a ƙarshen Oktoba 1897, ya kai Atbara a tsakiyar 1898. A kansa aka kwaso sojoji da igwa da sassan jiragen ruwan yaƙi, kuma ranar 2 ga Satumba, 1898, aka karkashe dubban Ansar a gumurzun Omdurman. Jirgin ƙasan farko da Girouard ya shahara da shi makami ne, ba don fatauci aka shimfiɗa shi ba.

Daga nan likkafa ta ci gaba da sauri. Ya shugabanci hukumar jiragen ƙasa ta Masar, ya riƙe jiragen soja a yaƙin da Birtaniya ta yi da Turawan Boer a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, aka ba shi lambar Sir a 1900. Bayan yaƙin ya ci gaba da kula da layukan Transvaal, sai dai bai jitu da masu ma'adinai da 'yan siyasar wurin ba, ya sauka a 1904.

A 1907 aka turo shi Arewa ya maye gurbin Lugard, kuma ba a ɓoye dalilin zaɓensa ba. Masaƙun Lancashire a Ingila suna neman audugar da ba ta Amurka ba, kuma an gamsar da su cewa ƙasar Kano da Zazzau za ta wadatar da su in an sami hanyar fitar da kaya. Ga gwamnatin Arewa ba ta iya riƙe kanta sai da tallafi daga Landan. Taƙaddamar ita ce ta ina layin zai bi. Gwamnan Kudu, Walter Egerton, yana son a miƙe da layin Legas, wanda aka fara a 1896 ya isa Ibadan a 1901. Girouard kuma ya tsaya a kan ra'ayin da Lugard ya riga ya kawo: a taso daga Baro, wani ƙaramin gari a gaɓar Kogin Neja inda jiragen ruwa ke iya isowa daga teku idan ruwa ya cika, don Arewa ta sami ƙofarta ba tare da ta dogara da Legas ba. A ƙarshe Landan ta amince da duka biyun a 1907, da sharaɗin su haɗu.

Ya ƙi bai wa 'yan kwangila aikin. Ma'aikatar Ayyuka ta Arewa ce ta yi shi, a ƙarƙashin injiniya John Eaglesome, a kan kimanin fam 3,000 kowane mil, wanda araha ne ƙwarai idan aka gwada da abin da layin Legas ya ci. Faɗin da ke tsakanin ƙarafan ƙafa 3 ne da inci 6, irin na Sudan da Afirka ta Kudu, kuma shi ne faɗin tsohon layin Nijeriya har gobe. Tsawonsa ya haura mil 350, daga Baro ta Badeggi da Minna, ya tsallake Kogin Kaduna, ya bi ta Zariya zuwa Kano.

Arahar nan ba daga sama ta faɗo ba. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara leburori, kowace gunduma da adadin da aka yanka mata, ana sauya su bayan 'yan makonni. Ana biyan su ɗan abin da ake biya, amma manomin da dagaci ya nuna ba shi da bakin cewa a'a, ko da damina ce. Nupawa da Gwarawa ne suka fara ɗanɗana wannan, kafin ya iso ƙasar Zazzau da Kano. Daga sunan kayan haƙan da aka miƙa musu kalmar diga ta shiga Hausa, ta zama sunan aikin gaba ɗaya, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya rubuta Waƙar Diga. A 1909 mutanen Gussoro, wani garin Gwari da ke kusa da layin, suka kashe wani jami'in mulki Bature da 'yan sandan da suka raka shi, aka tura sojoji suka murƙushe su.

Girouard bai ga ƙarshen aikin ba. An ɗauke shi a 1909, ƙarafan kuwa sai a watan Maris na 1911 suka isa Kano, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe layin ga jama'a a Afrilu 1912. Kuma abubuwa biyu da ya gina lissafinsa a kansu duk sun saɓa. Da layin Legas ya haɗu da nasa a Minna, kaya suka karkata zuwa teku kai tsaye, Baro ta koma reshe, tun ma kafin a gama gadar Jebba. Audugar da aka yi wa tanadi ita ma ba ta taho ba, domin masaƙan Kano da marina suna sayen ta da farashin da ya fi na Turawa. Fataken goro, irin su Agalawa da Tokarawa, waɗanda ke da jari da yara a ƙauyuka, su suka lura cewa gyaɗa ta fi riba, suka zuga manoma. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba; a 1913 ta haura tan 19,000, har taragu suka kasa kwashewa. Daga wannan ciniki Alhassan Ɗantata ya bunƙasa, daga shi kuma dalar gyaɗa ta samo asali. Ayarin raƙuma zuwa Tarabulus ya ƙarasa mutuwa, unguwannin Sabon Gari suka tsiro a Kano da Zariya, mahayin da layin ya tsallaka kogi kuma ya zama Kaduna, hedikwatar Arewa daga 1917.

Ɗaya gadon nasa ya shafi ƙasa. Shi ya matsa aka kafa kwamiti a Landan a 1908 kan filayen Arewa, wanda ya haifar da dokar 1910. Dokar ta ce filaye duka suna ƙarƙashin ikon gwamna, yana riƙe da su a madadin 'yan ƙasa, kuma baƙo ba zai mallaki fili ba sai da yardarsa. Ta hana kamfanonin Turawa da 'yan baranda wawure gonakin da ke gefen layin dogo, amma ta kuma mayar da haƙƙin manomi abin da hukuma ke iya karɓewa. A kanta aka gina dokar Jihar Arewa ta 1962, wadda ita ce samfurin Dokar Amfani da Filaye ta 1978. Duk mai jiran gwamna ya sa hannu a takardar filinsa yau, a kan wannan turba yake tsaye.

Abin mamaki, mutumin da ya toshe wa Turawa hanyar mallakar gonaki a Arewa shi ne ya ƙara buɗe musu ita a Gabashin Afirka, ƙasar da ake kira Kenya yanzu. A zamanin gwamnancinsa can aka tayar da makiyayan Masai daga makiyayarsu ta Laikipia bisa yarjejeniyar 1911, aka kora su kudu, dabbobi da mutane suka halaka a hanya. Da Sakataren Mulkin Mallaka, Lewis Harcourt, ya gano cewa an riga an yi wa Turawa 'yan kaka-gida alkawarin filayen ba a sanar da Landan ba, sai Girouard ya ajiye aiki a 1912.

Ya koma kamfanin ƙera makamai na Armstrong Whitworth. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kira shi ya tsara samar da harsasai a ƙarƙashin Lloyd George, amma zaman bai ɗore ba, ya koma kamfanin. A shekarar ce kuma aurensa ya mutu. Bai sake riƙe wani muƙamin gwamnati ba har ya mutu a Landan ranar 26 ga Satumba, 1932, yana da shekara 65.