Henry Dreyfuss: Mutumin da ya ɗora laifin a kan na'ura, ya wanke mai amfani da ita

A watan jiya na zauna da mahaifiyata a tsakar gidanmu da ke Zangon Kumasi, tana so ta tura wa ƙanwata kuɗin makaranta ta waya. Sau uku tana gwadawa, sau uku abin yana ƙarewa kafin ta gama karanta Turancin da ke fitowa. A na huɗu ta danna inda bai kamata ba, saura ƙiris kuɗin ya tafi wurin wani. Sai ta ajiye wayar, ta ce mini ita kam kanta ya tsufa, ba ta iya komai ba. Maganar ta yi mini ciwo, domin matar nan shekara talatin tana lissafin cinikin hatsi da ka ba tare da kwabo ya ɓace mata ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ba ku tarihin wani Ba'amurke da ya ƙare rayuwarsa yana nuna cewa a irin wannan yanayi laifin na wanda ya tsara abin ne.

An haifi Henry Dreyfuss ranar 2 ga Maris, 1904 a birnin New York. Danginsa na harkar kayan wasan kwaikwayo ne, shi ma ta nan ya faro. Ya yi almajiranci a hannun Norman Bel Geddes, gwanin tsara dandamali, kafin ya buɗe nasa ofishin a 1929, shekarar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Kamfanoni a lokacin suna neman duk dabarar da za ta sa a sayi kayansu, kuma yawancinsu sun ɗauka dabarar ita ce a ƙawata bayan kaya ya yi sheƙi.

Shi Dreyfuss bai yarda da haka ba. Da kamfanin tarho na Bell ya gayyaci masu zane su kawo siffar tarhon gobe, ya ƙi shiga gasar. Hujjarsa ita ce ba a yi wa na'ura riga ba tare da an zauna da injiniyoyin da suka san cikinta ba. Zanen da sauran suka kawo bai yi amfani ba, sai kamfanin ya dawo ya neme shi. To ka ji abin da ya yi: ya bi wani mai gyaran tarho gida-gida a matsayin yaronsa, don kawai ya ga inda mutane ke ajiye tarho, yadda suke riƙe shi, da abin da ke ba su haushi.

Daga wannan aikin aka samu tarho samfurin 302 a 1937, sannan samfurin 500 a 1949, wanda ya shafe shekaru gommai a gidajen Amurkawa. Gyaran da aka yi masa ƙanana ne a ido. A tsohon tarho lambobin suna cikin ramukan da ake sa yatsa a juya, don haka yatsa na rufe su, kuma suna gogewa da daɗewa. Sai aka fito da su waje, kewaye da faifan. Marikin kuma aka yi masa baya mai faɗi, yadda mutum zai maƙale shi a kafaɗa ya ci gaba da rubutu. Ba wanda ya buƙaci a koya masa, hannu ne ke ganewa da kansa.

Haka ya yi wa kamfanin John Deere tun daga 1937, inda ofishinsa ya duba kujerar tarakta da wurin da kowane madanni yake, saboda manomin da zai wuni a kai. Ya tsara jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin New York da Chicago a 1938, ciki da waje. A 1953 aka fitar da na'urar daidaita zafin ɗaki ta Honeywell mai siffar da'ira, wadda murɗa ta kawai ake yi.

A 1955 ya wallafa littafinsa Designing for People. A ciki ne ya gabatar da zanen mutum biyu, namiji da mace, da ya raɗa wa suna Joe da Josephine. An rubuta ma'aunin kowace gaɓa a jikinsu: tsawon hannu, iya inda ido ke kaiwa, ƙarfin da ƙafa ke iya takawa. Duk abin da ofishin zai tsara sai an auna shi da su. A 1960 aka faɗaɗa ma'aunan a wani littafin, The Measure of Man. Darasin da ya nanata shi ne, duk inda mutum ya haɗu da kaya ya sha wahala, mai tsarawa ne ya gaza. In ya samu sauƙi da aminci, to an yi aiki. Masu tsara shafukan intanet da manhajojin waya na yau, waɗanda ke zaunar da mutum su kalli inda yake tuntuɓe kafin su saki abin da suka ƙera, sawun wannan mutumin suke bi ko sun sani ko ba su sani ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, aikinsa na da iyaka. Joe da Josephine Amurkawa ne, kuma mafi yawan alƙaluman daga ma'aunin sojoji maza aka samo su. Babu tsohuwar da ta yi karatun allo ba ta yi boko ba a cikin wannan lissafin. Mu da ke zaune a ƙasashen da harshen hukuma Turanci ne ko Faransanci, kuma Hausa ba ta cikin harsunan da ake fara tunawa da su, mun san daɗin a manta da mutum tun a teburin zane.

Da alama shi ma ya hango matsalar harshe. Bayan ya zama shugaban farko na ƙungiyar masu tsara kayan masana'antu ta Amurka a 1965, ya bar kamfaninsa a 1969 ya duƙufa kan alamomi. Ya tattara alamomi sama da 20,000 daga sassan duniya, ya tace su ya fitar da Symbol Sourcebook a 1972, da jerin abubuwan da ke ciki a harsuna 18. Burinsa manomi ko matafiyi ya kalli alama ya gane ba sai ya iya harshen wanda ya ƙera injin ba. Idan na ga mahaifiyata tana danna hoton makirufo a WhatsApp ta aika saƙon murya ba tare da ta tambayi kowa ba, sai in tuna da wannan burin.

Ƙarshensa abin tausayi ne. Matarsa Doris Marks, wadda ta riƙe masa harkokin ofis tun farko, ta kamu da ciwon daji mai tsanani. Ranar 5 ga Oktoba, 1972 aka same su su biyu a gidansu da ke South Pasadena a jihar Kalifoniya, sun ɗauke ransu da kansu. Wannan hanya ce da addininmu ya haramta, Allah Ya sa mu cika da imani. Ilimin da ya bari kuwa, ai hikima kayan mumini ce, duk inda ya tsince ta ya ɗauka.

Kirana ga yaranmu na Zango da ke koyon haɗa manhaja da shafukan intanet, a Kumasi, Accra, Yawunde ko Garwa, shi ne ku yi abin da Dreyfuss ya yi. Kafin ku saki aikinku, ku miƙa wa iyayenku mata wayar, ku kame bakinku, ku zuba ido. Inda suka tsaya suna jujjuya ta, nan ne gyaranku yake. Ni dai na koma na faɗa wa mahaifiyata cewa kanta lafiya lau yake, waɗanda suka tsara abin ne ba su taɓa zama a tsakar gida irin namu ba. Ta yi dariya, ta miƙo mini wayar, ta ce to kafin su zo, in tura kuɗin tukuna.