C. V. Raman: Akantan da haskensa ke tona asirin duwatsu

Idan ka taɓa yawo a ƙasar Zuru, ka san duwatsun nan masu hawa-hawa, waɗanda ake ɓamɓarewa falle-falle. Masana ma'adinai sun laƙaba wa wannan shimfiɗar duwatsu sunan Zuru, kuma a cikinta ne ake samun zinaren Bin Yauri. Asalinsu laka ce da yashi da suka nutse can ƙarƙashin ƙasa, zafi da matsi suka gasa su kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. To wane irin zafi suka sha? Ba wanda ya je wurin da ma'auni. Amma yau ana iya ganowa, albarkacin aikin wani Ba'indiye da ya fara rayuwa a matsayin akanta.

An haifi Chandrasekhara Venkata Raman ranar 7 ga Nuwamba, 1888, a Tiruchirappalli da ke kudancin Indiya. Mahaifinsa malamin lissafi da kimiyya ne. Yana shekara 16 ya gama digirin farko a Madras, amma a wancan zamani na mulkin Turawan Ingila, binciken kimiyya ba sana'ar da ɗan ƙasa zai ci abinci da ita ba ce. Don haka a 1907 ya shiga ma'aikatar kuɗi a Kalkata a matsayin mataimakin babban akanta, da albashi mai tsoka.

Ka san abin da yake yi? Da sassafe kafin ofis, da kuma yamma bayan an tashi, sai ya wuce ɗakin gwaji na wata ƙungiyar raya kimiyya da ke titin Bowbazar. Shekara goma yana haka. A 1917 Jami'ar Kalkata ta ba shi kujerar farfesa, ya ajiye aikin gwamnati ya karɓi albashin da bai kai na da ba. Ka tambayi kanka, a cikin abokanka mutum nawa ne za su iya?

A 1921, yana cikin jirgin ruwa kan hanyar komawa gida daga Ingila, sai ya ƙura wa Bahar Rum ido. Manyan masana sun riga sun ce shuɗin teku hoton sama ne kawai. Shi bai gamsu ba. Ya gwada, ya nuna cewa ruwan da kansa ne ke warwatsa hasken rana. Wannan tambaya ce ta kai shi, tare da ɗalibinsa K. S. Krishnan, ga abin da suka tabbatar ranar 28 ga Fabrairu, 1928: idan ka haska wani abu da haske mai launi ɗaya, ɗan ƙanƙanin kaso na hasken yakan dawo da launinsa a sauye. Sauyin kuma ya danganta da yadda ƙwayoyin abin suke girgiza, don haka kowane abu da nasa, kamar zanen yatsa.

A 1930 ya karɓi kyautar Nobel, ɗan Asiya na farko da ya same ta a fannin kimiyya. Ya yarda da kansa har ya sayi tikitin tafiya Suwidin watanni kafin a sanar. Sai dai kada ka ɗauka shi kaɗai ne: Landsberg da Mandelstam sun ga wannan abu a Mosko a 1928, kuma da su da Krishnan babu wanda ya shiga kyautar. Raman ya kafa cibiyar bincikensa a Bangalore a 1948, inda ya tara lu'ulu'u da duwatsu yana nazari, har ya rasu ranar 21 ga Nuwamba, 1970.

Yanzu mu koma Zuru. Laka takan binne ragowar ƙananan halittu. Idan dutse ya sha zafi, baƙin sinadarin kabon da suka bari yakan riƙa daidaita sahu a hankali har ya zama girafait, wato abin da ke cikin fensirinka. Ko dutsen ya huce, wannan tsari ba ya komawa baya. A 2002 wani Bafaranshe, Olivier Beyssac, da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka haska kabon ɗin da leza aka karanta hasken da ya dawo, za a iya ƙiyasta iyakar zafin da dutsen ya taɓa sha, tsakanin digiri 330 zuwa 650, da kuskuren da bai wuce 50 ba. Sanin zafin yana taimakawa wajen fahimtar yadda ma'adinai irin su zinare suka taru.

Ga inda abin ya shafe ka. Matasanmu suna shiga ramukan haƙa da diga da shebur, wasu ba sa fitowa, a Zamfara ma gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. Mai ilimin karanta dutse kuwa shi ke faɗin inda za a haƙa, shi ke faɗin farashi. Ana koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Lokacin cike fom ɗin JAMB, kai ko ƙanwarka, ku duba shi kafin ku wuce.