Likita Bronnum, Wanda Bai Juya Ba

'Yan'uwa, bari mu tuna da Likita Niels Bronnum, mutumin Danmak, wanda aka haifa a 1882. A 1913 ya zo ƙasarmu tare da matarsa Margaret. Suna kan hanya, sai ta rasu a Rumasha bayan haihuwa. Aka mai da jaririn Turai, shi kuwa ya wuce Numan, yana ba Bachama magani, yana yi musu wa'azin bishara. Ya rasu a 1966.

Sunansa aka sa wa makarantar fastocin Lutheran ta Mbamba, kusa da Yola. Ku tsofaffin ɗalibanta, shi ya binne matarsa bai juya ba. Kada ku manta da makarantarku ran baiko.