Tarihin Janar Sani Abacha

Mai karatu, in kana zaune a Bangi, ko Madawa, ko Buza, ko Keita, ka san Nijeriya ba nesa take da mu ba. Daga Bangi tafiya kaɗan ce ka shiga ƙasar Sakkwato. Muna cin kasuwa da su, muna auratayya da su, samarinmu suna zuwa can cin rani. Abin da ya taɓa su, mu ma yana taɓa mu. Don haka yana da kyau mu san tarihin waɗanda suka mulke su. Yau za ka karanta labarin ɗaya daga cikinsu, Janar Sani Abacha. Soja ne, ya yi ministan tsaro, daga baya ya zama shugaban ƙasa. Karanta a hankali. In ka gamu da kalma mai wuya, ka tambayi malaminka.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Sani Abacha a birnin Kano ran 20 ga Satumba 1943. Asalin gidansu Barebari ne daga Barno, amma a Kano ya tashi, da Hausa ya girma. A can ya yi makarantar boko, wadda mu muke ce wa lakwal. Ya yi ƙaramar makaranta, ya wuce sakandare ta lardin Kano.

Nijeriya ta samu ƴancin kai a 1960, shekara ɗaya da ƙasarmu. A lokacin manyan Arewa suna kiran ƴan makaranta su shiga soja, don ƴan Arewa ba su da yawa cikin hafsoshi. Sani ya amsa kira. Ya shiga makarantar horon soja ta Kaduna. Daga nan aka tura shi Ingila ƙarin horo. A 1963 ya fito da ƙaramin muƙamin hafsa, yana da shekara 20. A 1965 ya auri matarsa Maryam.

Shekarun yaƙi

Bai daɗe da fara aiki ba ƙasa ta rikice. Ran 15 ga Janairu 1966 wasu sojoji suka yi juyin mulki. Suka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da firayim minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. A watan Yuli na wannan shekara sojojin Arewa suka rama da nasu juyin mulkin, Yakubu Gowon ya hau. Ana lissafa Abacha cikin ƙananan hafsoshin da suka sa hannu a wannan aiki.

Daga nan sai yaƙin basasa, wanda ake kira yaƙin Biyafara. An fara shi a Yuli 1967, aka gama a Janairu 1970. Wata 30 ke nan ana zubar da jini. Abacha ya yi wannan yaƙi a ɓangaren gwamnati. Bayan yaƙi ya yi ta samun ƙarin girma. Ya zama kanar a 1975, ya zama birgediya a 1980. An san shi mutum ne marar yawan magana. Yakan sa baƙin tabarau, ba ka gane abin da ke ransa.

Muryar da aka ji a rediyo

Har zuwa 1983 talakawa ba su san sunansa ba. Ran 31 ga Disamba 1983 da safe, sai aka ji wata murya a rediyo. Muryar Birgediya Sani Abacha ce. Ya ba da sanarwa cewa sojoji sun kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Ya kawo dalilai. Ya yi kukan cin hanci ya yi yawa, asibitoci ba magani, ma'aikata suna wata da watanni ba albashi. Riƙe waɗannan dalilai a ranka, mai karatu, don za mu dawo kansu.

Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa. A Afrilu 1984 gwamnatinsa ta rufe iyakokin Nijeriya. Wannan shekara kuma damina ba ta yi ba a ƙasarmu. Ga fari, ga iyaka a rufe, hatsi ba ya shigowa kamar da. Shi ya sa mutanenmu suka sa wa wannan yunwa suna El Buhari. Tambayi tsofaffin garinku, za su ba ka labari. Ba a buɗe iyaka ba sai a 1986. Ka ga yadda maganar da aka yi a rediyon Ikko ta iso har tukunyar mutumin Bangi.

Ran 27 ga Agusta 1985 aka sake juyin mulki. An ture Buhari, Janar Ibrahim Babangida ya hau. Wannan karon ma da hannun Abacha. Sai aka naɗa shi shugaban rundunar sojan ƙasa. Ya yi shekara biyar a kan wannan kujera.

Ran 22 ga Afrilu 1990 wani hafsa, Manjo Gideon Orkar, ya nemi kifar da Babangida. Mutanensa suka kai hari barikin Dodan a Ikko, inda shugaban ƙasa yake zaune. Suka kuma yi shela sun cire jihohi biyar daga Nijeriya: Sakkwato, Katsina, Kano, Bauci da Barno. Abacha ya tattara sojoji masu biyayya, suka murƙushe tawayen a ranar. Bayan shari'ar soja aka harbe mutum fiye da 60. Tun daga ranar kowa ya san da ƙarfin Abacha gwamnatin take tsaye.

Ministan tsaro

A wannan shekara ta 1990 aka ba shi muƙamin cikakken janar, aka kuma naɗa shi ministan tsaro.

To, mene ne aikin ministan tsaro? Shi ne mai kula da sojojin ƙasa duka: na ƙasa, da na sama, da na ruwa. Ta ofishinsa kuɗin soja suke bi: albashinsu, abincinsu, kakinsu, makamansu, da gyaran barikinsu. Shi ne tsani tsakanin gwamnati da bariki. A ƙasar da ake zaɓe, minista yana ƙarƙashin shugaban da jama'a suka zaɓa, kuma ƴan majalisa suna iya kiransa su tambaye shi yadda ya kashe kuɗi. A mulkin soja kuwa ba mai tambayarsa sai wanda ya naɗa shi. Kamar a ba mutum tsaron rumbun tsimi na gari ne, mabuɗi a hannunsa, littafin lissafi ma a hannunsa.

Babban aikin da ya faɗo a zamaninsa shi ne yaƙin Laberiya. A Agusta 1990 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda muke kira CEDEAO, ta tura rundunar kwantar da tarzoma can. Sunan rundunar ECOMOG. Nijeriya ce ta ba da mafi yawan sojoji da mafi yawan kuɗi. Sojojinta da dama sun mutu a can.

Ran 12 ga Yuni 1993 aka yi zaɓen shugaban ƙasa. Mutum biyu suka tsaya: Mashood Abiola, Bayarabe mai dukiya, da Bashir Tofa na Kano. Sakamakon da ya fito ya nuna Abiola ne kan gaba, har a jihar Kano. Sai Babangida ya soke zaɓen. Mutane suka fito kan titi a Ikko suna nuna fushinsu. Ministan tsaro ya fito da sojoji, aka yi harbi, mutane da yawa suka mutu.

A ƙarshen Agusta 1993 Babangida ya sauka. Ya bar gwamnatin riƙon ƙwarya a hannun wani farar hula, Ernest Shonekan. Amma Abacha bai sauka ba, ya ci gaba da riƙon ma'aikatar tsaro. Shonekan na da kujera, Abacha na da bindiga. Ba a cika wata uku ba, ran 17 ga Nuwamba 1993, Shonekan ya ajiye aiki, Abacha ya hau. Ya rushe jam'iyyu da majalisu, ya sallami gwamnonin da aka zaɓa, ya sa sojoji a madadinsu.

Abin da ake yaba masa

Akwai masu yabon Abacha har yau, musamman a Arewa, kuma suna da hujjojinsu. A 1994 an ƙara kuɗin man fetur. Sai ya kafa wani asusu mai suna PTF don a yi wa jama'a aiki da rarar. Ya ɗora Janar Buhari a kansa. Da kuɗin asusun aka gyara hanyoyi, aka kai magani asibitoci, aka gyara makarantu.

Tsadar kaya ma ta lafa. A 1995 farashi ya hau da fiye da kashi 70 cikin 100 a shekara guda. A 1997 hawan bai kai kashi 10 cikin 100 ba.

Ran 1 ga Oktoba 1996 ya ƙirƙiro sababbin jihohi shida, jihohin Nijeriya suka cika 36. Cikinsu akwai Zamfara, wadda aka cire daga Sakkwato, babban birninta Gusau. A waje kuma, sojojin ECOMOG sun kori sojojin da suka ƙwace mulki a Saliyo, suka mai da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa a Maris 1998. Abin mamaki, ya hana juyin mulki a ƙasar wasu, alhali shi da juyin mulki ya hau.

Abin da ake kuka da shi

Zamaninsa zamanin tsoro ne. An rufe jaridu, an ɗaure ƴan jarida. A Yuni 1994 Abiola ya ce shi ne shugaban ƙasa, tun da shi ya ci zaɓe. Aka kama shi aka tsare. Bai sake fitowa ba, a tsare ya mutu a Yuli 1998.

A 1995 aka kama tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo da mataimakinsa Janar Shehu Musa Ƴar'aduwa na Katsina, aka ce suna shirin juyin mulki. Shehu ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997. Ran 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da mutum takwas, ƴan ƙabilar Ogoni, masu kukan yadda haƙar mai ta ɓata musu ƙasa da ruwa. Duniya ta yi tir, ƙasashe da yawa suka juya wa Nijeriya baya. A Afrilu 1996 aka tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, aka naɗa Muhammadu Macciɗo.

A ƙarshen mulkinsa matatun mai sun lalace. Ƙasa mai arzikin mai, amma motoci suna kwana a layi suna jiran fetur.

Rasuwarsa

A 1998 akwai jam'iyyu biyar a ƙasar. A watan Afrilu dukansu suka tsai da mutum ɗaya takarar shugaban ƙasa, wato Abacha. Kowa ya ɗauka zai tuɓe kaki ya ci gaba da mulki. Amma ta Allah ba tasu ba. Ran Litinin 8 ga Yuni 1998 ya rasu a fadar gwamnati a Abuja, yana da shekara 54. Hukuma ta ce ciwon zuciya ne. A ranar aka kai shi Kano aka yi masa sutura.

Janar Abdussalami Abubakar ya gaje shi, ya shirya zaɓe. Ran 29 ga Mayu 1999 ya miƙa mulki ga Obasanjo, mutumin da Abacha ya ɗaure. Duniya ke nan, rawar ƴan mata, na gaba ya koma baya.

Maganar kuɗi

Bayan rasuwarsa aka shiga bincike. Aka gano kuɗin gwamnati masu yawa a bankunan Turai, da sunan iyalinsa da abokansa. An fitar da da yawa daga cikinsu daga babban bankin ƙasa da sunan aikin tsaro. Iyalinsa da magoya bayansa sun musanta cewa sata ce. Amma hukumomin ƙasashen waje sun duba, sun mai do da kuɗin. Ƙasar Suwizalan ta yarda ta mai do da dalar Amurka miliyan 321 a 2017. A 2020 kuma aka mai do da dalar Amurka miliyan 311 daga tsibirin Jersey. An ware waɗannan na biyu don manyan ayyuka uku, cikinsu har da hanyar Abuja zuwa Kano. Kada ka ɗauka irin dalarmu ce ta sefa. A 2020 dalar Amurka ɗaya ta fi dala ɗari ta kuɗinmu.

Yanzu tuna dalilan da ya kawo a rediyo a 1983: cin hanci, da asibiti ba magani. Auna su da wannan labari.

Abin lura

Mai karatu, Abacha ya tafi, hisabinsa yana wurin Allah. Mu abin da ya rage mana shi ne darasi. Duk wanda aka ba tsaron dukiyar jama'a, ko ministan tsaro ne, ko ma'ajin ƙungiyar manoma ta garinku, dole a samu masu duba littafinsa. Shekara da shekaru ba wanda ya iya duba na Abacha, sai bayan ransa. Kai yanzu ka iya karatu da lissafi. Ranar da za a yi taron ƙungiyarku, ka je. In an kawo littafin kuɗi, ka karɓa ka karanta da idonka, ka yi tambaya cikin ladabi.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Sani Abacha, kuma a wace shekara?
2. Mene ne aikin ministan tsaro?
3. Me ya sa aka kira yunwar 1984 El Buhari?
4. Kawo abu biyu da ake yaba wa Abacha, da abu biyu da ake kuka da shi.
5. A garinku, wa yake duba littafin kuɗin ƙungiya?