Tarihin Marigayiya Molly Hide, Manomiyar Da Ta Shugabanci 'Yan Kurket Mata Na Ingila

A cikin matan da suka kafa harsashin wasan kurket na mata a ƙasar Ingila, kaɗan ne suka kai Mary Edith Hide suna, wadda aka fi sani da Molly Hide. Mafi yawan waɗanda suka san sunanta sun san shi ne saboda shugabancin da ta yi wa ƙungiyar ƙasarta tun daga 1937 har zuwa 1954. Amma fa yawancin wasannin da ta yi a rayuwarta a cikin gida ta yi su, da sunan lardinta da shiyyarta, a zamanin da babu albashi, babu kofi, kuma babu filin da mata za su ce nasu ne.

Haihuwarta da karatunta

An haifi Molly Hide ran 24 ga watan Oktoba na 1913 a birnin Shanghai na ƙasar Sin. Tana da shekara 6 aka dawo da ita Ingila. Ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta kwana da ake kira Wycombe Abbey, kuma a can ne ta koyi kurket, domin a wancan zamani irin waɗannan makarantu su ne kusan kaɗai wuraren da ake koya wa 'ya mace wannan wasa bisa ƙa'ida. Daga nan ta wuce Jami'ar Reading, inda ta karanta ilmin aikin gona. Mahaifinta yana da gona a Haslemere, wani gari da ke cikin lardin Surrey a kudancin Landan, watau ke nan da aikin gona da lardin Surrey duka gadonta ne.

Yadda wasan yake

Ƙungiya biyu ne ke karawa a kurket, kowace da mutum 11. Ɗaya tana jifa da ƙwallo tana tsaron fili, ɗaya kuma tana bugu da wata faffaɗar sanda. Mai jifa yana neman ya kayar da wasu 'yan sanduna uku da ke kafe bayan mai bugu, ko kuwa ya sa shi ya buga ƙwallon sama a cafe, sai a fitar da shi. Shi kuwa mai bugu yana tara maki ne ta hanyar dukan ƙwallon da sheƙawa a guje tsakanin sandunan. Wanda ya tara maki 100 a shiga ɗaya ya yi abin yabo ƙwarai. Yawancin 'yan wasa a fanni ɗaya suke ƙwarewa, ko jifa ko bugu. Molly Hide tana cikin ƙalilan da suka haɗa duka biyu. Doguwa ce mai bugu da hannun dama, ba ta jinkirin kai hari, kuma ƙarfin bugunta ya sha ba maza 'yan kallo mamaki, musamman waɗanda suka zo da niyyar yi wa mata dariya.

Halin da wasan larduna yake ciki

Mata sun daɗe suna wasan kurket a Ingila. Wasa na farko na mata da aka rubuta labarinsa an yi shi ne a 1745 kusa da garin Guildford, a cikin lardin Surrey ɗin nan, tsakanin 'yan matan ƙauyukan Bramley da Hambledon. A 1811 kuma matan Surrey sun kara da na Hampshire. Sai dai duk wannan ba shi da tsari, sai a 1926 wasu mata da suka je hutu ƙauyen Colwall suka kafa Ƙungiyar Kurket ta Mata. Ita ce ta shirya ƙananan ƙungiyoyi, sa'an nan a farkon shekarun 1930 ta fara kafa na larduna, ta kuma raba ƙasar shiyya biyar: Gabas, Yamma, Kudu, Arewa da Tsakiya. 'Yar wasa takan fara daga ƙungiyar garinsu, in ta yi fice a zaɓe ta ta wakilci lardi, daga lardi zuwa shiyya, daga shiyya kuma zuwa ƙasa.

Shugabannin ƙungiyar ba su yarda da wasa don kuɗi ko don kofi ba. Saboda haka larduna sukan kara ne kawai don zumunci da gwada ƙwazo, ba tare da an fitar da zakara a ƙarshen shekara ba. 'Yan wasan kuwa, waɗanda da yawansu malaman makaranta ne, su ke biyan kuɗin jirgin ƙasa da na kayan wasa daga aljihunsu. Filaye masu kyau na ƙungiyoyin maza ne, sai an roƙa a ba su aro a ranar da maza ba su bukata. Wannan shi ne halin da Molly Hide ta tarar, kuma a cikinsa ta yi wasanta na shekara fiye da 20.

Daga Worcestershire zuwa Surrey

Ta fara wakiltar lardin Worcestershire a 1932 da 1933, tun ba ta cika shekara 20 ba. Bayan haka ta koma Surrey, lardin iyayenta, wanda da shi aka san ta har ta daina wasa. A can ta haɗu da Myrtle Maclagan, wata gwanar jifa da bugu, kuma kasancewar su biyun a ƙungiya ɗaya ya sa Surrey ta shiga sahun lardunan da ake shakkar haɗuwa da su.

Ƙwazon da ta nuna a wasannin cikin gida shi ya sa aka zaɓe ta cikin ayarin farko na matan Ingila da ya tafi Ostareliya da Niyu Zilan a ƙarshen 1934, a ƙarƙashin jagorancin Betty Archdale. Kowace 'yar wasa ita ta nemo kuɗin jirgin ruwanta. A birnin Christchurch, cikin watan Fabrairu na 1935, Molly Hide ta ci maki 110, abokiyar wasanta Betty Snowball kuma ta ci 189, Ingila ta tara 503 ta lallasa masu masaukinta.

Da ta dawo gida ba ta ɗauki wasan lardi a matsayin abin da ta wuce ba. A 1936 aka ba ta shugabancin ƙungiyar shiyyar Kudu, tana da shekara 22 kacal. A nan ne masu zaɓe suka ga irin jagorancinta. Ba ta son wasan tsoro, irin wanda ƙungiya za ta yi ta kare kanta har lokaci ya ƙare a tashi kunnen doki. Ta fi son a nemi nasara ko da za a gamu da kaye. Tana da dalili kuwa, domin ta san cewa 'yan kallon da suka biya kuɗi suka ga wasan mata mai gundura ba za su sake dawowa ba, kuma da kuɗin ƙofa ƙungiyar take samun abin gudanar da harkokinta.

Shekara guda bayan haka, a 1937, matan Ostareliya suka zo Ingila, aka naɗa ta kyaftin ɗin ƙasa. Baƙin suka ci karawar farko a Northampton. A ta biyu, a Blackpool, ita da kanta ta fitar da 'yan wasa 5 a shigarsu ta ƙarshe, ta bar musu maki 20 kawai, Ingila ta yi nasara da ratar maki 25. Ta ukun, wadda aka yi a filin Oval na Landan, gidan lardin Surrey, an tashi ba wanda ya ci.

Shekarun yaƙi

An shirya wata tafiya Ostareliya a ƙarshen 1939, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke aka fasa. Wasannin larduna suka tsaya, 'yan wasa suka watse, wasu suka shiga aikin soja, wasu aikin asibiti da masana'antu. Molly Hide ta koma gonar mahaifinta a Haslemere, a lokacin da noma ya zama aikin ceton ƙasa, domin jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen da ke kawo abinci. Ta shiga yaƙin tana da shekara 25, ta fito tana da 31. Waɗannan su ne shekarun da ɗan wasa ke kan ganiyarsa, ga shi kuwa sun tafi a gona.

Bayan 1945 sai da aka sake tayar da ƙungiyoyin larduna kusan daga tushe, aka nemo sababbin 'yan mata, aka sake roƙon filaye. Ta komo fagen wasa tare da Surrey, ba ta kuma nuna alamar gajiya ba. A tafiyar Ostareliya da Niyu Zilan ta 1948 zuwa 1949 ta tara maki fiye da 1,100, ta wuce 100 har sau biyar, ciki har da 124 da ta ci a Sydney ba tare da an fitar da ita ba. A 1951 rauni ya hana ta buga karawa biyu na farko da Ostareliya, Myrtle Maclagan ta riƙe mata shugabanci. Ta dawo a ta uku a filin Oval, Ingila ta yi nasara da ratar maki 137, aka raba daidai. Wasanta na ƙarshe wa ƙasa shi ne na 1954 da Niyu Zilan, tana da shekara 40. Duka-duka ta buga wa Ingila manyan karawa 15, ta jagoranci 11 daga ciki, ta ci maki 872, ta kuma fitar da 'yan wasa 36.

Karawa 15 cikin shekara 20 ba su kai ɗaya a shekara ba. Abin da ya riƙe ƙwarewarta a tsakanin waɗannan karawa shi ne wasannin Asabar da Lahadi na ƙungiya da lardi da shiyya, waɗanda jaridu ba su cika damuwa da su ba.

Bayan ta ajiye sanda

Ba ta rabu da harkar wasan ba. A 1973 ita ce shugabar Ƙungiyar Kurket ta Mata, shekarar da Ingila ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta mata ta farko, shekara biyu kafin maza su yi tasu a 1975. Ta kuma ga ranar da aka bar mata suka yi wasa a filin Lord's a 1976, filin da ba a taɓa ba ta damar bugawa a cikinsa ba duk tsawon zamaninta.

Ta rasu ran 10 ga watan Satumba na 1995 a Guildford, tana da shekara 81. Shekara biyu bayan rasuwarta, a 1997, aka fara gasar larduna ta mata wadda ake fitar da zakara. A 1998 ƙungiyar matan ta haɗe da hukumar kurket ta ƙasa, a 2014 aka fara ɗaukar 'yan wasan Ingila mata aiki da albashi, sa'an nan a 2025 lardin Surrey ya shiga cikin larduna takwas da suka fara gasar mata ta ƙwararru. Larduna da shiyyoyin da Molly Hide da 'yan zamaninta suka riƙe da kuɗin aljihunsu su ne tushen da aka ɗora duk waɗannan a kai.