Wilba Rait, Maƙerin Jirgin Sama

Kowane yaro ya taɓa jin rugugin jirgin sama, ya ɗaga kai ya hange shi yana ratsa gajimare. Amma ba kowa ya sani ba, jirgin da ya fara tashi da mutum da ƙarfin inji, yana bin inda matuƙi ya nufa, ba a wata babbar ma'aikata aka yi shi ba. A shagon gyaran kekuna aka sassaƙa itatuwansa, a nan kuma aka ƙera injinsa. Waɗanda suka yi shi wa da ƙane ne, Wilba Rait da Obil Rait. Labarin wan za mu bayar, ko da yake ba shi yiwuwa a ambaci ɗaya a bar ɗaya.

An haifi Wilba ran 16 ga Afrilu, 1867, a jihar Indiyana cikin ƙasar Amurka. Ubansa, Milton, babban limamin coci ne, mai yawan tafiye-tafiye. Uwarsa, Susan, 'yar maƙerin kekunan doki ce, ta iya aikin hannu ƙwarai, har ita take gyara kayan gida in sun lalace. A shekarar 1878 uban ya komo daga tafiya da tsaraba, wani ɗan abin wasa da aka yi da takarda da gora da roba. In an murɗa robar aka saki, sai ya tashi sama yana juyi. Wilba da Obil suka yi ta wasa da shi har ya karye, sa'an nan suka zauna suka yi nasu. Daga ranar nan sha'awar tashi sama ta shiga zukatansu.

Wilba yaro ne mai ƙoƙari a makaranta, iyayensa suna shirin aika shi jami'a. Amma yana da shekara 18 sai aka buge shi da sanda a fuska wajen wasan ƙwallon gora a kan ƙanƙara, haƙoransa na gaba suka zube. Ya daɗe ba shi da lafiya, zancen jami'a ya mutu. Ya zauna gida a garin Deton, cikin jihar Ohayo, inda iyalin suka koma, yana jinyar uwarsa wadda tarin fuka ya kama, har ta rasu a 1889. Duk wannan zama bai tafi banza ba, gama ya karance littattafan ubansa masu yawa. Bayan haka shi da ƙanensa suka yi aikin ɗab'i, sa'an nan a 1892 suka buɗe shagon gyaran kekuna, har daga baya suka riƙa ƙera nasu suna sayarwa.

A zamanin nan akwai wani Bajamushe, Oto Liliyental, wanda yake ɗaura fikafikai a jikinsa, ya diro daga kan tudu iska ta ɗauke shi. A 1896 iska ta kayar da shi, ya mutu. Da Wilba ya karanta labarin, sai ya shiga tunani. Ya ga matsala uku ce ke gaban mai son tashi sama: fikafikan da za su ɗauki nauyi, da injin da zai tura, da dabarar sarrafa jirgin kada ya kife. Mutane da yawa sun fi damuwa da inji. Shi kuwa ya ga ta ukun ce babba. Mai keke ya san haka: kome kyaun keke, wanda bai iya daidaita jikinsa a kai ba, ƙasa zai sha.

Ya riƙa kallon waɗansu tsuntsaye dangin ungulu sa'ad da suke shawagi. Ya lura, in iska ta karkata tsuntsu, yakan ɗan murɗa bakin fiffike ɗaya sama, ɗayan ƙasa, ya daidaita. Wata rana a 1899 yana riƙe da dogon kwalin da ake sa tif ɗin keke a ciki, ya murɗa shi, sai ya ga haka nan za a iya murɗa fikafikai biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ya yi ƙananan fikafikai ya ɗaura musu zare, ya sake su cikin iska yana ja daga ƙasa. Dabarar ta yi.

Suka nemi wuri mai iska da yashi mai laushi, don in an faɗi kada a ji ciwo. Suka sami Kiti Hok, wani ƙauyen masunta a bakin teku, cikin jihar Karolaina ta Arewa. Can suka kai jiragensu marasa inji a 1900 da 1901, suna kwana cikin tanti da rumfar katako, suna fama da sauro da guguwa. Amma fikafikan ba su ɗauki nauyin da lissafin littattafai ya nuna ba. Wilba ya komo gida ransa a ɓace, har ya kusa fid da zuciya.

Maimakon su bari, sai suka ƙudura su auna kome da kansu, gama gani ya kori ji. Suka yi akwatin katako mai tsawon ƙafa 6, suka sa fanka a bakinsa tana hura iska. A ciki suka gwada 'yan ƙananan fikafikai na ƙarfe wajen iri 200, suna rubuta abin da kowanne ya ɗauka. Da wannan sabon lissafi suka yi jirgin 1902, suka sa masa wutsiya mai juyawa. Suka sauko da shi daga kan tudun yashi sau ɗaruruwa, har hannunsu ya faɗa da tuƙi. Sai da suka iya tuƙi sa'an nan suka juya ga inji.

Suka rubuta wa ma'aikatun injuna da dama, suna neman inji mai ƙarfin doki 8 wanda nauyinsa bai wuce kilo 82 ba. Ba su sami mai yi musu ba. Injunan mota na zamanin nan nauyi gare su, jirgin sama kuwa ba abin da ya ƙi kamar nauyi. Sai suka zana nasu, suka ba makanikin shagonsu, Cali Telo, ya ƙera shi cikin mako 6. Silinda 4 gare shi. Gangar jikinsa ta alminiyom ce, ƙarfen nan marar nauyi da ake tukwane da shi. Suka tayar da shi cikin Fabrairu, 1903, amma ba a jima ba gangar ta tsage, sai da aka zubo wata. Da aka gama, ya ba da ƙarfin doki 12, watau fiye da abin da suka nema.

Duk abin da ba dole ba ne, sun bar shi. Injin ba shi da kafireto, ba shi da famfon mai. Ɗan tankin fetur aka rataye a sama, man yana gangarowa da kansa ta cikin siririn bututu. Ba shi kuma da fulogi irin na motocin yanzu. Ga yadda wutarsa take: cikin kowace silinda akwai 'yan ƙarafa biyu masu taɓa juna, lantarki yana bi ta cikinsu. Da zarar sun rabu sai tartsatsi ya tashi, ya kunna tururin fetur, ya tura fistin. Lantarkin yana fitowa daga maganeto, watau ɗan injin da yake haifar da wuta in ana juya shi, babbar ƙafar ƙarfen injin ce kuwa take juya shi. Amma maganeto ba ya ba da wuta sai inji ya riga ya tashi. Saboda haka wajen tayarwa sukan haɗa waya da batir, mutum biyu su juya farfela da hannu. In inji ya kama, sai a cire wayar a bar batir a ƙasa, don kada jirgi ya ɗauki nauyinsa.

Farfela ma ta ba su wahala, gama ba littafin da ya bayyana yadda za a yi ta. Suka yi watanni suna gardama, har wani lokaci kowa ya koma ra'ayin ɗan'uwansa. A ƙarshe suka gane farfela fiffike ce mai juyawa. Suka sassaƙa guda biyu da hannu, kowace ta ɗara ƙafa 8. Suka haɗa su da inji da sarƙa irin ta keke, suka harɗe sarƙa ɗaya domin farfelun su riƙa juyawa hannun riga, kada jirgi ya karkata gefe guda. Fikafikan kuwa, faɗinsu daga baki zuwa baki ƙafa 40, ƙashinsu itace, rufinsu farin yadi wanda aka ɗinka da keken ɗinki. Matuƙi rub da ciki yake kwanciya kusa da inji. Da yake injin yana dama da shi, ya kuma fi shi nauyi, suka ƙara wa fiffiken dama inci 4.

A Kiti Hok sandunan ƙarfen da ke juya farfela suka tsage har sau biyu, sai da Obil ya koma Deton ya yiwo sababbi. Ana cikin haka, ran 8 ga Disamba, 1903, jirgin wani babban masani, Samuwel Langile, wanda gwamnati ta ba dala 50,000, ya faɗa kogi a Washinton. Jaridu suka yi ta ba'a ga masu neman tashi sama. Su kuwa abin da suka kashe a kan nasu jirgi bai kai dala 1,000 ba, daga ribar shago.

Ran 14 ga Disamba suka jefa kwabo don a ga wanda zai fara, ƙuri'a ta faɗa kan Wilba. Ya ɗaga kan jirgin da yawa, ya faɗo, wani ɓangare ya karye. Suka gyara. Ran 17 ga wata da hantsi, ana sanyi da iska mai ƙarfi, Obil ya kwanta cikin jirgi, Wilba yana gudu a gefe yana riƙe da bakin fiffike. Jirgi ya bar ƙasa, ya yi daƙiƙa 12 a sama, ya ci ƙafa 120, watau wajen mita 37. Mutum 5 na wurin suka shaida, ɗayansu ya ɗauki hoto. Sau 4 suka tashi a ranar, suna karɓa-karɓa. A na ƙarshe Wilba ya yi daƙiƙa 59, ya ci ƙafa 852. Suna tsaye suna zancen abin da ya faru, sai iska ta zo ta wuntsila jirgin, ya kakkarye. Bai sake tashi ba.

Suka koma gida suka ƙera waɗansu, suna gwaji a wata makiyaya kusa da Deton. Ran 5 ga Oktoba, 1905, Wilba ya yi minti 39 a sama yana kewaya, ya ci mil 24. Duk da haka mutane da yawa ba su gaskata ba, musamman a Turai. A 1908 ya tafi Faransa. Ya tarar jirgin da aka aiko cikin akwatuna ya lalace, ya yi makonni yana gyara shi da hannunsa. Ran 8 ga Agusta ya tashi gaban jama'a kusa da garin Lamans. Bai cika minti biyu ba, amma yadda ya karkata jirgin ya kewayo kamar tsuntsu ya rufe bakin masu musu. Daga baya har sarakunan Turai suka zo kallo.

Abin bai rasa baƙin ciki ba. Cikin Satumba na shekarar nan farfelar jirgin Obil ta tsage a Amurka, jirgi ya faɗo, wani hafsan soja da ke tare da shi, Tomas Selfirij, ya mutu, Obil kuma ya karye. Wilba bai bar halinsa na taka-tsantsan ba: ba ya tashi sai ya duba kowace waya da kowane ƙulli da idonsa, ko da taro yana jira. Wa da ƙanen sau ɗaya tak suka tashi tare, a 1910, da izinin ubansu, wanda ya ji tsoron kada ya rasa su duka rana ɗaya.

Shekarunsa na ƙarshe ba su yi masa daɗi ba. Ya bar ƙira ya shiga yawon kotu, yana ƙarar waɗanda suka ɗauki dabararsu ba izini. Shari'a ta ci ƙarfinsa, waɗansu kuwa suka wuce su wajen gyara jirage. Zazzaɓin taifot ya kama shi, ya rasu a Deton ran 30 ga Mayu, 1912, yana da shekara 45. Bai yi aure ba. Obil ya rayu har 1948. A shekarar nan aka ajiye jirgin 1903 a gidan kayan tarihi na Washinton. A 1969, sa'ad da Nil Amstiron ya sauka a kan wata, ya tafi da ƙyallen fiffiken jirgin nan da guntun itacen farfelarsa.

Har wa yau a ƙasashe da yawa akwai masu ƙera ƙananan jirage a gidajensu, hukuma ta duba aikin kafin a yarda su tashi. Su ma sai sun auna nauyi, sun zaɓi injin da ya dace da fikafikai, sun ɗaura wayoyin wuta yadda girgiza ba za ta tsinka su ba. Tafarkin Wilba ke nan. Bai yi gaggawar sa inji ba sai da ya iya tuƙi, bai kuma dogara ga lissafin da bai gwada ba. Yaro, in ka ɗauki wani aiki, fara da abin da ya fi wuya, ka auna, ka sake aunawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Wace tsaraba uban Wilba ya kawo musu a 1878?
2. Faɗi matsaloli uku da ke gaban mai son tashi sama. Wacce Wilba ya fara da ita?
3. Don me suka ƙera injinsu da kansu?
4. Mene ne amfanin maganeto, don me kuma ake barin batir a ƙasa?
5. Rubuta labarin ranar 17 ga Disamba, 1903, a taƙaice.